Habila da Ruwan da Ya Ƙi Kwanciya

Duk wanda ya daɗe a Mabera ya san Habila mai famfo. Daga Kagoro ya zo Sakkwato yana saurayi, da jakar kayan aiki da wata irin Hausa da muka yi shekara muna yi wa dariya. Yau shekara arba'in da ɗaya ke nan. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa ganau ne ni, ba jiyau ba.

Habila bai iya zama ba. Ko gaisuwa a tsaye yake yin ta, ƙafa ɗaya a kan hanya. Rabin tankunan da ke kan rufin gidaje daga nan har Ƙofar Taramniya shi ya ɗora su, kuma karatunsa ɗaya ne: ruwa ya shiga ta sama, ya fita ta ƙasa, kada ya tsaya. In ka ce masa ya huta sai ya ce ruwan da ya tsaya shi ne yake wari.

Shekara uku da suka wuce matarsa Esther ta rasu, aka binne ta a nan Sakkwato. Daga nan gwiwoyinsa suka ƙi hawa tsani, masu kiransa aiki suka koma wa wasu. 'Yarsu Janet, wadda take aikin asibiti a Jos, ta matsa masa ya tattara ya koma wurinta. Shi kuwa sai ya gina kwami na siminti a bayan ɗaki, ya zuba tarwaɗa ɗari biyu. Duk sanda ta yi waya amsarsa ɗaya ce: "To wa zai kula da kifin?" Na san ba kifi ne ya riƙe shi ba. Kowace Lahadi in an tashi daga coci maƙabarta yake wucewa.

Zubin farko duk suka mutu da bazara. Ruwan ya yi dagwalo da kashinsu da ragowar abinci, warin ya tsallako katanga har ya hana mu cin tuwo a tsakar gida. Janet ta zo ta gani da idonta. Ta bar shi ya sake zubi na biyu, amma da sharaɗi.

"Baba, in waɗannan ma suka mutu, magana ta ƙare. Zan zo da mota," in ji ta.

Ya ce ya yarda, a gabana.

Canja ruwan kwami kullum ya fi ƙarfin bayansa, unguwar kuma ba kullum take samun ruwa ba. Sai ya samo shuɗin duro na roba ya ɗora a kan bulo kusa da kwamin. Dabarar ita ce ƙaramin injin sola ya jawo ruwan kifin ya zuba a duro, dattin ya zauna a ciki, mai kyau ya koma. Ya huda duron, ya haɗa bututu yadda hannunsa ya saba: mashiga a sama, mafita a gindi. Ya buɗe injin har ƙarshe.

Kwana goma sha ɗaya ruwan yana zagaye, yana komawa yadda ya fito. Kowace safiya sai ya kwashe matattu da kwando, yau biyar, gobe goma sha biyu. Ya sa soso a cikin duron, ya toshe. Ya sa tsakuwa, ya sa tsohon gidan sauro. Ni kuma ina zaune kan benci ina ba da shawarar da ba ta taɓa amfanar kowa ba. Na ga mutumin ya rame, idanunsa sun faɗa, ya daina ko tanka min in na tsokane shi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya fi, don ya ƙi tambayar kowa.

Matata Lantana koko take sayarwa, kuma tun rasuwar Esther ba ta fasa kai masa kofi guda da safe ba. Ran nan ta shigo ta tarar da mu, ta leƙa cikin duron, ruwan yana tafasa kamar tukunyar dambu.

"Baban Janet, mi kaka yi ma ruwan ga?"

"Tacewa nake, Lantana."

"Wagga ba tata ba ta, damu na. Ka taɓa ganin anka dama gasara sannan anka ɗebi ruwa daga gindin roba? Ƙyale ta akai ta kwanta, sannan a tsiyaye na bisa sannu-sannu. Kai ko ka hana shi kwanci, kuma ka huda mai ƙasa inda dattin ya ka taruwa."

Habila ya buɗe baki zai kawo mata shekara arba'in na aikin famfo. Ta riga shi.

"Shekara nawa Esther na tsiyayar gasara nan wurin, bakin ƙohwar ga? Ni da ita muka yi. Ba ka taɓa tsayawa ka duba ba?"

Ta ajiye kofin ta fita, ba ta san abin da ta taɓa ba. Habila ya tsaya riƙe da sifana, yana kallon bakin ƙofar madafin. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Kullum sai ta ce in zauna in sha da zafi. Kullum ina ce mata ina zuwa."

A ranar ya kwance aikin duka. Ya liƙe tsohuwar mafitar ya mayar da ita famfon zubar da laka. Ya huda sabuwa can kusa da baki. Bututun shiga ya saukar da shi tsakiyar duron, ya karkata bakinsa gefe don ruwan ya riƙa juyawa a hankali, ya rage ƙarfin injin har sai da ya zama kamar zubar buta. Saura abu ɗaya, wanda ya fi masa wuya, wato ya cire hannu. Sau uku yana miƙewa zai taɓa, sau uku ina jan rigarsa.

Kwana na uku muka fara hango bayan kifin. Kwana na biyar muka ga siminti a ƙasan kwami. Tarwaɗa sittin da uku suka rage. Ya kira Janet ya ce mata suna nan da ransu, ta ce to, Allah ya raya.

Yanzu kowace safiya yana buɗe famfon gindi, ya tari baƙar lakar a bokiti ya zuba wa zogalen da Esther ta shuka. Sannan ya zauna kan bencina ya sha kokonsa da zafi. Bai warke ba, gajiyar tana nan a fuskarsa, amma ya koyi zama.

Kifin sun yi girma har sun fara yi wa kwamin yawa. Wani mai gashin kifi daga Ƙofar Dundaye ya zo sau biyu yana so, Habila ya ce ba su isa ba tukuna. Da mutumin ya tafi na ce masa, haba, waɗannan ai sun kai damtsena.

Ya kira sunana, idonsa na kan ruwan.

"Maigandi, in na sayar da su, me zan ce wa Janet?"