Hanyar Magarya a Shekarar da Aka Rufe Iyaka

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu da ke gabas da Ɗambatta, ni da mahaifiyata. Saƙo ne ya zo cewa yayanta da ke Magarya, cikin Nijar, yana kwance rai a hannun Allah, kuma sunanta yake ta kira.

Damina ce, gero ya fara fitar da kai, amma tasha babu walwala. Tunda mai ya yi tsada, direba ba ya tashi sai ya cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku. Inna ta sayi ƙosai, ta ɗaga guda ta duba, ta ce shi ma ya rame.

Muka bi ta Kazaure da Babura. Tun kafin garin Babban Mutum da ke bakin iyaka muka fara ganin manyan motoci jere a gefen titi, kayan gwari na ruɓewa a cikinsu, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi. Wani dattijo cikinsu ya yi mana bayani: sojoji sun karɓe mulki a can, sai ƙungiyar ƙasashen yankinmu ta ce a rufe iyaka. Shugabancin ƙungiyar karɓa-karɓa ne, bana a hannun ƙasarmu yake, shi ya sa mu ne kan gaba.

Inna ta ce, "Ni na ɗauka wanda aka ba riƙon jama'a shi ke fara neman sulhu."

Jami'in da ke bakin shinge ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, umarni ne daga sama." Ya kasa haɗa ido da ita.

Wani manomi ne ya fisshe mu. Gonarsa rabi tana nan, rabi tana can. Ya ɗora mu a amalanke, shanu suka ratsa cikin gero, har muka ƙetara ban ga inda ƙasarmu ta ƙare ba. Daga nan muka hau babur.

Mun isa bayan la'asar. Garin babu wuta, don daga wajenmu take zuwa kuma an yanke. Kawu bai buɗe ido ba, amma da ya ji muryar Inna sai ya lalubo hannunta. Kwana biyu tsakani Allah Ya karɓi abinsa.

Ranar Juma'a muka dawo gida lafiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shugabancin zai koma hannun wata ƙasa, iyakar ma wata rana za a buɗe. Amma da mun zauna jiran ranar, da gaisuwar mutuwa kawai Inna za ta je.