Ajiyar Monsieur Wantchan

Ma'aikacin gidan ajiyar kuɗi ya dubi katin shaidar Yaya Halilu, ya turo masa abinsa, ya ce, "Ce n'est pas lui." Wato ba shi ne mai ajiyar ba.

Innarmu Tasalla tana bayanmu, ta dafa bango. Yanar ido ta rufe mata gani, likita kuma ya ce in aka daɗe ba a yi aiki ba, shi ke nan.

Daga Katsina aure ya kawo ta nan unguwar Briqueterie. Tun da Baba ya rasu take tuyar waina kusa da mahauta. Da ita ta ciyar da mu, har na gama karatun shari'a a jami'a. Shekarar da gobara ta cinye kuɗin maƙwabciyarmu a cikin katifa, ta kai nata gidan ajiya, ta ce a sa sunan babban ɗanta. Ma'aikacin da ta tarar, wanda ba ya jin Hausa, ya tambayi sunan ta bakin tafinta. Inna ba ta taɓa faɗar sunan ɗan fari ba. Ta nuna Yaya can bakin ƙofa, ta ce, "Wancan."

Aka rubuta Monsieur Wantchan, wato Malam Wancan. Duk shekarun da take zubawa, ba wanda ya nemi kati. Sai ranar da muka zo cirewa don aikin idonta.

Na koma kan littattafaina. Na ga dokokin da ke tsare mai karɓar ajiya birjik, ban ga wadda ta ce laifinsa ne in ya karɓa bai bincika ba. Wataƙila a yi ta wata rana, amma idon Inna ba zai jira ba.

Daraktan gidan ajiyar ya ce ta zo ta faɗi sunan da bakinta a gaban shaidu.

"In kira shi gatsau, kamar wata marar kunya?" in ji ta. "Kai da ka sha boko, faɗa musu mana."

"Inna, naki bakin suke so."

"To, a bar musu. Makanta ba mutuwa ba ce."

Yaya ya durƙusa, ya ce, "Inna, don Allah."

Ran Litinin ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa a hankali. Daraktan ya ce bai ji ba, ta sake. Tun daga ranar ba ta yarda su zauna wuri ɗaya da Yaya ba.

An ce sai babban ofishinsu na Douala ya amince. Har yau amsa ba ta zo ba.