Ham Uku a Tungar Aduwa

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙaura Namoda, ni da ƙanena da Baba, a tsohuwar fijo ta aro. Baba ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana kwaso gyaɗa daga Shinkafi da Zurmi zuwa tashar jirgin ƙasa. Tun muna yara yake cika mana kunne da Tungar Aduwa, zangon direbobi a tsohuwar hanya, wai ko akuyar garin ta san shi. Mu kuwa tsokanarsa muke yi, muna cewa an daɗe da mantawa da shi. Yanzu da ƙafa ta fara ba shi matsala, ya ce a kai shi ya gani da idonsa.

Kai, hanya ta yi daɗi! Kwalta sumul, gero ya fid da kai dama da hagu, ga allunan sabuwar jiha da na shari'a ko'ina. Muka wuce wata bas ta mata zalla, hirarsu ta fi ƙarar injin. A wata kasuwar bakin titi muka sha fura ta naira goma da nonon da ko suga ba ya so. Baba bai sha ba, sai gyara hula yake yi.

Kafin Shinkafi Baba ya nuna wata kwana, muka sauka cikin yashi. Tafiyar ba ta kai rabin awa ba muka iso. Rumfuna sun zube, tsohon famfon mai ya yi tsatsa, kaji na kiwo a inda motoci ke jeruwa a da. Wasu matasa suka amsa sallamarmu da ladabi, amma babu wanda ya taɓa jin sunan Baba. Na dubi fuskarsa, na yi nadamar duk tsokanar da na taɓa yi masa.

Har mun juya, sai ya miƙo hannu daga kujerar baya ya danna ham: biyu gajeru, ɗaya dogo. Ashe a zamaninsu kowane direba da irin nasa bugun, don masu abinci su san wa ke tafe.

Can sai ga wata tsohuwa ta fito daga zaure, tana laluben bango, don idonta ya tafi.

"Wanga hannun Ɗan Ƙaura na," in ji ta, "amma motag ga ba tashi ta ba."

Baba ya manta da ciwon ƙafa, ya diro yana kiran, "Yaya Mai Tuwo! Kina nan?" Ni da ƙanena muka hau tafi kamar yara. Nan da nan aka shimfiɗa tabarma, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Ban taɓa cin irinsa ba. Suka yi ta lissafo direbobi, ana dariya, ana yi wa mamata addu'a.

Da Baba ya fara zagin sabuwar hanya, wai ita ta kashe garin, tsohuwar ta katse shi.

"Bari zagin kwalta, Ɗan Ƙaura. Kwalta ba ta ci tuwona ba. Ku kunka ci."

Baba ya sunkuyar da kai. Shi ma ya san sau nawa ya wuce kwanar nan a guje bayan an buɗe titi.

Mun leƙa Shinkafi, muka sayi albasa da araha, muka iso gida kafin magariba. Na tafi ina zaton hanya ce ke yar da gari, na dawo na san mutane ne. Da Baba zai sauka a ƙofar gida, ya riƙe hannuna ya ce kada in mayar da motar tukuna, akwai wasu garuruwa biyu ta wajen Zurmi.