Gyambon da Goggo Ta Yi Mini

Har gobe ba na cin ƙwai. Jikokina suna cewa iyayi ne irin na tsofaffi, ni kuwa ba na tanka musu, don in na fara ba su labarin, su ma ture kwanon za su yi.

Gidanmu yana can bayan Durba, shi kaɗai a tsakiyar gonaki, sai ka yi 'yar tafiya kafin ka ji carar zakaran maƙwabta. Gidan gandu ne. Akwai mahaifinmu, wanda kowa har mu 'ya'yansa muke kira Malam, da ƙannensa da iyalansu, sai yayarsu Goggo, wadda ta dawo gida tun da mijinta ya rasu ta kuma karɓe ragamar cikin gida ba tare da wani ya ba ta ba. Yara kuwa ba a magana. In an sauke tuwo sai ka rantse suna ake yi. Ga mai majina har leɓe, ga mai makero a ka, ga mai fitsarin kwance da ake shanya tabarmarsa a kan danga kowace safiya, ga awaki suna ratsa mu suna zuba kashi inda suka ga dama. A cikin wannan na tashi, kuma ban taɓa jin ƙyamar komai ba sai da Goggo ta koya mini.

Babu yaron da ya taɓa fita karatu daga gidan nan. Malam ne makarantarmu. Da an idar da sallar asuba za mu cika zaure, maza da mata, kowa da allonsa a cinya. In rana ta ɗaga, maza su bi iyayensu gona, mu kuma mu kama daka da ɗebo ruwa da kai abinci. Bayan azahar a sake zama. Tawada mu muke haɗa abarmu da baƙin tukunya da ƙaro, alƙalami mu fere na gamba. Ban da Alƙur'ani, Malam yana koya mana rubutun ajami da lissafin watannin noma, har yaro ya iya faɗa maka lokacin da ya kamata a yi shuka.

Ni ce 'yar gaban goshinsa, ba na kuma jin kunyar faɗa. Wurin zamana yana gefen buzunsa, daidai inda yake jingine gafaka. Abin da za a biya wa yayyena maza a yi ta maimaitawa har bulala ta shigo, ni sau ɗaya ya ishe ni. Malam ya yi mini alkawari cewa in an yi girbi zai bar ni in riƙa rubuta allona da hannuna, ya kuma fara mini ƙananan littattafan addini da ba a taɓa buɗe wa 'ya mace ba a gidan. Ba abin da nake so a duniya kamar wannan wurin zama da wannan alkawari.

A shekarun da ake ta raɗe-raɗin Turawa sun kusa tafiya, aka matsa wa ƙauyuka lamba kan ba da yara makarantar elemantare. Mutane suka iya ɓoye 'ya'ya, wasu a rumbu, wasu a tura su ruga wurin Fulani har ƙura ta lafa. Wata ranar Laraba mai unguwa ya zo, ya zauna a zaure yana ta murza hula.

"Malam, wannan karon fa ba yadda zan yi," in ji shi. "Maganar 'yar nan taka ta riga ta kai gun dagaci. An ce akwai yarinya a gidanka mai kai kamar me. Malamin makaranta zai zo jibi ya gan ta da idonsa. In ka ɓoye ta, ni za a ɗaure."

Mai unguwa ya yi sallama ya tafi. Goggo ce ta fito daga ɗakinta tana gyara ɗaurin zani.

"Ku bar ni da ita," ta ce. "Makarantar Nasara ba ta ɗaukar mai gyambo."

Malam ya kira ni ya ce, "Kina so ki tafi ki bar allonki?"

Na ce, "A'a, Malam."

"To, bi Goggonki. Duk abin da ta ce, ki yi."

Ta ja ni bayan akurkin kaji, ta zaunar da ni a kan turmi. Ta sa aska ta yi mini 'yan tsage a ƙwauri, sannan ta ɗiga mini ruwan tinya, farin ruwan nan mai ƙuna da ko a hannu ya taɓa ka sai ka yi bororo. Na yi ihu, ta ce in rufe mata baki, ai gata ake yi mini. Kafin washegari wurin ya tashi ya fashe, ya yi jawur.

Wannan bai ishe ta ba. A cewarta ido kaɗai ba ya korar ɗan boko, sai an haɗa masa da hanci. Da safiyar ranar da za a zo, ta zura hannu ƙarƙashin wata kaza ta zaro baragurbi, ƙwan da ya daɗe da ruɓewa a cikin kwanci. Da ta fasa shi a sakaina sai da ya yi ƙara, wani ruwa kore-kore ya fito, warin ya doke ni har cikin maƙogwaro. Ta zuba jinin kaza, ta marmasa daddawar da ta lalace, ta cakuɗa da tsinke tana 'yar waƙarta kamar mai haɗa miya. Ta lafta mini a kan ɗanyen ciwon da tafin hannunta, ta ɗaure da wani tsumma da na san na goge gindin jarirai ne. Na amayar da kunun da na sha a kan ƙafarta. Ko a jikinta, cewa ta yi hakan ma ya ƙara kyau, idona zai faɗa.

Malamin makarantar ya iso da hantsi a kan keke, saurayi ne fes da farar riga. Aka fito da ni, ƙudaje suna bina kamar an yanka akuya. Ya ce a kwance tsumman ya gani. Goggo ta kwance a hankali, tana matsar ƙwalla. Bawan Allah ya leƙa sau ɗaya, ya toshe hanci da hankici, ya koma gindin tsamiya yana kakarin amai.

"Subhanallahi! Malam, wannan ai asibiti za ku kai ta, ba makaranta ba. Ku kai ta Rano tun ƙafar ba ta lalace ba."

Ya hau kekensa ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Bai gama ɓacewa ba Goggo ta rangaɗa guɗa. Malam har da ba ta goro.

Na ce to a wanke mini. Goggo ta ce a'a, 'yan boko wayo gare su, yana iya juyowa ba zato. Ta mayar da tsumman ta ɗaure tamau, ta ce kada wanda ya taɓa sai an tabbatar maganar ta mutu. Lokacin bazara ne, zafi kamar a gasa mutum. Haka na yi kwanaki da wannan ƙazanta a jikina, ƙafa tana zugi, ina jin wani abu yana motsi a ciki. Ranar da Inna, mahaifiyata, ta gaji ta kwance da kanta, tsutsotsi ta tarar farare suna wutsil-wutsil a cikin naman. Gyambon ƙarya ya zama na gaske.

Asibiti kuwa ba a kai ni ba, wai ma'aikacin zai gane haɗa ciwon aka yi, asiri ya tonu. Sai Goggo ta koma mai magani. Yau toka, gobe garin bagaruwa, jibi kashin saniya mai ɗumi. Hannun da ya ɓata ƙafar shi aka bar wa gyaranta, kuma duk gidan ba mai iya ɗaga ido ya ce mata ya isa.

Malam mutum ne mai tsantsami. Ko gashi ya gani a miya ya gama cin abincin ranar. Asubar farko da na ja ƙafa na zauna gefen buzunsa, ya yi ta tofar da yawu, can ya ce in ɗan matsa bakin ƙofa in sha iska. Kashegari ya ce in zauna a waje, ai ina jiyowa. Daga baya ya ce jini da mugunya najasa ne, bai kamata in riƙe allo ba sai na warke. Na sha jin yana faɗa wa masu zuwa tambaya cewa mai lalura an yi masa rangwame, amma a kaina wannan rangwamen bai samu ba. Hancinsa ne kawai ba ya so, ya lulluɓe abin da addini. Wannan ya fi baragurbin tayar mini da zuciya.

Yaran gida suka sa mini suna mai ɗoyi, har da mai fitsarin kwancen nan. Aka ware mini kwanona. Da gero ya fara ido aka tura ni korar tsuntsaye, tunda su ba ruwansu da wari. Ina zaune a kan dakalin gona ina kaɗa gwangwani ina biya abin da na haddace don kada ya zube. In iska ta juyo nakan jiyo muryoyin yara daga zaure, in ji yayana yana ta tuntuɓe a ayar da na wuce tun tuni. Aka yi girbi, ba wanda ya tuna da wani alkawari.

Inna ce ta warkar da ni, ba da wani sirri ba. Kullum kafin Goggo ta tashi sai ta wanke ciwon da ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗaure da tsumma mai tsabta, in Goggo ta lafta nata haɗin ta bari sai ta juya baya ta goge. Duk da haka sai da damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, kafin bakin ciwon ya rufe. Ya bar mini tabo mai faɗin tafin hannu, baƙi, mai sheƙi.

Ranar da na tabbatar ba sauran ruwa ko wari, na yi wanka tun kafin kiran salla, na ɗaura zanina mai kyau, na shiga zaure da sallama. A gefen buzun Malam wani ɗan ƙanin babana ne zaune, majina tana zuba, riƙe da allona. Na gane shi da tsaguwar da ke kusurwarsa. An wanke shi tas an rubuta masa haruffan farko, ya kuma gwaigwaye kan allon da haƙora.

Malam ya ɗago ya dube ni tun daga sama har ƙasa, kamar baƙuwa.

"Ke, ai kin girma," ya ce. "Budurwa kamarki ba ta zama cikin maza. Je ki taya uwarki daka."

Na juya na tafi na ɗauki taɓarya.

Goggo ta yi tsawon rai. Har ta mutu, duk baƙuwar da ta zo gidan sai ta ƙwala mini kira, ta sa hannu ta ɗage mini zani ba ko neman izini, ta nuna tabon tana washe baki.

"Kun ga wannan? Aikina ne. Da ba don ni ba, da tuni sun raba yarinyar nan da karatun ubanta."