Man Jirgi da Hannun Yaya Sule

Bana shekara tara ke nan da muka kai yayana Sule makwancinsa a ƙauyenmu, kusa da Dawakin Tofa, kuma har yau ban daina tambayar kaina abin da ya cinye shi ba.

Makanikin jiragen yaƙi ne. Shi ke zuba wa inji mai, ya duba yoyo da hannu tsirara, ya shaƙi hayaƙin man idan inji ya ɗau zafi. In ya zo hutu, kayansa kan yi wani wari mai hawa kai wanda sabulu ba ya fitarwa. Mukan yi masa tsiya, ya yi dariya. Gwangwanayen man da suka ƙare ma tsaraba yake kawo mana, Inna ta wanke ta zuba man gyaɗa.

Ciwon da yatsu ya fara, suka riƙa karkarwa. Sai ƙafafu suka yi nauyi, mantuwa ta biyo baya. Mutumin da ke kwance injin jirgi ya mayar, ya kasa saka maɓallin rigarsa. A gari aka ce sammu ne, aka yi ta ba shi rubutu. Daga baya wani likita a Kano ya tambayi sana'arsa, ya ce akwai sinadari a irin wannan man mai cin jijiya, amma ba zai rantse cewa shi ne ba.

Muna dawowa gida Yaya ya sa na tattara gwangwanayen na binne.

"Inna, ki yafe mini," in ji shi. "Ban sani ba."

"Kai ma ba a gaya maka ba," ta ce.

Rashin sani ya fi dare duhu. Yanzu ƙafafun Inna sun fara nauyi. Kowa na cewa tsufa ne, ni ma haka nake faɗa a gabanta.

Bara Nura, ɗan Yaya, ya shiga aikin ubansa. Ya ce yanzu ana ba su safar hannu da takunkumi, sai dai in rana ta take wasu kan cire. Da Yaya na raye, me zai ce? Ba na jin zai hana shi, don ya so aikin nan har ya koma ga Allah. Amma na san zai kama hannun yaron ya duba ƙarƙashin farce.

Bai bar gida ko gona ba. Ya bar ɗa mai irin hannunsa, da gargaɗin da shi bai samu ba. Duk zuwan Nura nakan duba hannun nan a madadin ubansa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya tsare mana wanda ya rage.