Inda Kaka Tumba Ta Yanke Tatsuniyar Ige

Har yau in na ga ɗan koren littafin nan na ƙungiyar su Mama, sai raina ya ɓaci da Kaka Tumba, ga shi kuwa ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta. Ina yi mata addu'a, ina kuma jin haushinta, kuma ban ga alamar ɗayan zai kori ɗayan ba.

Kaka Tumba mahaifiyar Babanmu ce. Daga Badarawa aka ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, aka kawo ta gidanmu na Kaura Namoda, ta iso da tabarmarta da butarta da taurin kan da zai ishi unguwa guda. Ba ta yarda da ruwan famfo ba, ba ta yarda da rufin kwano ba. Sabuwar jihar da aka ba mu ma, da kowa ke ta murna, cewa ta yi ita ba ta ga gero ya ƙara tsawo ba. Amma da an sauke tuwo bayan magariba, an janye itace, garwashi kaɗai ya rage a murhu, sai ta zama wata daban. Takan jawo kujerarta ta tsugunno, ta tura mana gyaɗa cikin toka mai zafi, ta ce, "To, ga wata nan bisa hanya, masauki taka biɗa." Mu kuwa mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma." Daga nan ba mai ƙara motsi, ni da ƙannena mata da 'ya'yan maƙwabta. Har Mama da ke wanke-wanke a gefe takan rage ƙarar kwanoni.

Wadda muka fi so ita ce ta Ige. Wai a wani gari, wuta a hannun maza take. A zauren mai gari ake ajiye ta, kullum da safe mata su jeru da fasassun kasake, su durƙusa, a zuba wa kowace garwashi in mijinta ya yarda. Ranar da miji ya tashi da fushi, ko ya yi tafiya, gidan ba za a ɗora tukunya ba. Sai wata mace, Ige, ta lura garwashin da toka ta rufe yakan kai safe da ransa. Ta fara binne nata. Ta gaya wa maƙwabciyarta ta saman darni, ita ma ta gaya wa ta gaba, har aka wayi gari babu mace ko ɗaya a ƙofar zaure. Maza suka zauna da wutarsu suna kallon juna, ga hayaƙi na tashi daga kowane gida. Mai gari ya sa aka kira Ige. Ta zo ta faɗi ta ba da haƙuri, aka raka ta gida, ta kwara ruwa a murhunta a gaban kowa. Washegari mata suka koma layi.

A daidai nan Kaka takan ɗaga kai ta dubi ƙofar zaurenmu. In Baba na gida, ana jin rediyonsa ko tarinsa, ko wani yaro namiji ya raɓo, sai ta kakkaɓe zane ta ce, "Gari yal lahwa, kowa yas san wurinai. Nan na aje ta." In kuwa Baba ya kwana a Shinkafi da motarsa ta haya, mu mata ne zalla, sai ta matso da kujera, ta rage murya.

"Ai murhun tsakar gida ta zuba ma ruwa," in ji ta. "Na gaske shina bayan rumbu, cikin tsohuwat tukunya, ruhe da habɗi." Toka ce take kira habɗi. Mata suka ci gaba da zuwa layi suna gaisuwa da ladabi, amma ba gidan da ya sake kwana da yunwa. Rannan aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, zauren mai gari ya yi yoyo, wutar maza ta mutu murus. Maƙeri ya rasa ta aiki, mahauci ya rasa ta gashi. Da abin ya ishe su, mai gari da kansa ya ɗauki kasko ya tsaya a ƙofar Ige. Nan Kaka takan maƙale murya ta kwaikwaye ta: "Ranka shi daɗe, wace wuta? Ba gabanka nik kashe ta ba?" Ta bar shi a tsaye har rana ta take, sannan ta zuba masa garwashi guda. Tun daga ranar kowane gida da wutarsa. Mukan yi ta dariya har mu kwanta a ƙasa, tana cewa mu rage, kada a jiyo daga waje.

Mama malamar firamare ce, tana cikin matan da suka kafa ƙungiyar karatu a Kaura. Suna da wani akwatin ƙarfe cike da littattafai da ke yawo gida-gida, wani lokaci Baba ya ɗora shi a mota ya sauke wa wata malama a Zurmi ko Shinkafi. Suna koya wa matan aure karatu, suna kuma nanata musu cewa neman sani bai ware mace ba. Da aka ƙaddamar da Shari'a, masu gida suka fara buɗe littafi su duba kafin ya wuce zaure, aka yi ta dawo musu da na soyayya da suke sarowa daga Kano. Akwati ya koma kwance a ɗakin Mama. Shugabarsu, Hajiya Rabi, ta ce mafita ɗaya ce, su buga nasu, da labarin gida, wanda ba mai cewa baƙo ne. Mama ta yi caraf ta ce tana da shi a tsakar gidanta. Ta yi musu alkawarin tatsuniyar da za ta sa mace ta ɗaga kai, ta ce ba za ta ɓata musu ba, su bari su ji daga bakin mai ita.

Wata Asabar da hantsi sai ga Hajiya da mata biyu, ɗauke da rakoda da sabon kaset. Kaka ta dube su sheƙeƙe.

"Tatsuniya da rana? So kuka yi in ɓace cikin kasuwa?"

"Haba Inna," in ji Hajiya, "wanga ai camhi na. Ga Shari'a ta zo, an bar irin wanga."

"Shari'a ta zo ta iske ni ina sallata. In na ɓace, ke ka zuwa biɗata?"

Su kuma ba su da halin zuwa da yamma. Rakodar ta mijin Hajiya ce, kafin magariba take komawa gida, ga shi 'yan acaba sun daina ɗaukar mata. Da aka matsa, Kaka ta ce akwai makari: sai an ƙulle ciyawar jinkar ɗaki tukuna. Gidanmu kuwa kwano ne daga zaure har madafa. Aka kawo mata tsinken tsintsiya, ta ce, "Tsintsiya ɗaki ta?" Aka nuna mata rumfar awaki, ta ce, "Ni akuya ta?" Asabar bayan Asabar mata suna zuwa suna komawa da kaset babu komai a ciki, Mama na ta ba da haƙuri har ta fara ramewa. Ita kuwa tsohuwar ko a jikinta, goron da suke kawo mata ma ba ta taɓa mayarwa ba.

Baba ne ya warware, kuma shi ya ɓata komai bai sani ba. Ya dawo daga Shinkafi ya ratsa Badarawa, ya fizgo ciyawa daga jinkar tsohon ɗakin Kaka, ya shigo da ita yana washe baki kamar wanda ya zo da ragon layya. Da Asabar ta zo sai ya ƙi fita lodi. Ya shimfiɗa buzu a cikin zaure, inda ba ya ganin baƙi amma yana jin komai, takalmansa kuwa a bakin ƙofa ta ciki. Wai sai ya ji abin da ya sha wahala a kansa.

"Malam, ba a lodi yau?" in ji Mama.

"Yau hutu nika yi."

Wace mace ce za ta kori mijinta daga zaurensa, a gaban uwarsa, a gaban baƙi? Mama ta koma ta zauna.

Kaka ta ƙulle ciyawa, ta soke a jikin bango, aka danna rakoda. Ban taɓa jin ta yi tatsuniyar da daɗi kamar ranar ba. Har tafiyar mata da kasake sai da ta kwaikwaya. Ta kai inda Ige ta kwara ruwa a murhu, ta ɗaga kai, idonta ya sauka a kan takalman nan.

"Gari yal lahwa, kowa yas san wurinai. Nan na aje ta."

"Kaka, da saura!" na ce da ƙarfi. "Tukunyar da ke..."

Mintsinin da ta yi mini a cinya sai da ya bar shaida. "Ɗiyag ga rana ta taɓa ta," in ji ta, "a ba ta ruwa." Daga zaure Baba ya ce, "Madalla! Tun ina yaro haka nis san ta." Hajiya ta kashe rakoda, ta dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa. Can sai na ga fuskar Hajiya ta sake. Ta ce, "Wagga ko liman yak karanta, sai shi sa albarka."

Da yamma, bayan Baba ya tafi masallaci, Mama ta durƙusa a gaban surukarta. "Inna, ki ruhwa min asiri. Ba wagga nic ce musu ba."

"Wanga akwati naku mai ɗaukar magana, shina duba ƙohwa?" in ji Kaka. "Takarda na duba ƙohwa? Ni in na ga takalmi sai in yi shiru. Ita ko, duk wanda yab buɗe ta, hwaɗa mai za ta yi. In maza sunka ji inda tukunya take, mi yar rage?"

Mama ta ce ita za ta rubuta sauran da hannunta, ai ta haddace. Kaka ta ce duk wanda ya ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ke cikin kaset, ba ta yafe ba. Da Mama ta kai ƙorafi wurin ƙungiya, Hajiya ta ce littafin da bai wuce zaure ba, wace mace ce za ta karanta shi? Magana ta mutu a nan.

Aka buga shi a Gusau. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya karɓu. Ya shiga gidajen da akwatin su Mama bai taɓa taka ƙofarsu ba, daga Kaura har Dauran. Maza da kansu suke saya su kai wa matansu. Baba ya ajiye guda a gaban mota yana nuna wa fasinja, wai labarin tsohuwarsa ne. Mata da yawa a kansa suka fara haɗa baƙi, kuma jimlar da suka fi iya karantawa ba gargada ita ce wadda Ige ta kwara ruwa a murhunta. Rannan Kaka ta ce in karanta mata ta ji. Na karanta har ƙarshe, na rufe. Ta taɓe baki.

"Sun rage ta hwa."

"Kaka! Ai ke kika rage ta!"

"Ni? Ni da ban iya rubutu ba?"

Wallahi da ba kakata ba ce, ban san abin da zan yi ba. Na tashi na bar mata wurin, ina jin ta tana dariya tana neman goro.

Na girma ina cewa tsoro ne kawai ya hana ta. Daga baya, da na karɓi ajin matan da Mama ta bari, na ga yadda littafin ya buɗe mana ƙofofi, na fara tunanin ko tsohuwar ta san abin da take yi, ko dai abin da Ige ta yi ne ta yi mana: ta kashe na tsakar gida kowa ya gani, ta bar na gaske a bakinmu. Sai dai akwai abin da ba ta lissafa ba. Ita kullum tana ganin za a ci gaba da zama a bakin murhu. Ta rasu, Mama ta rasu, Baba ma ya rasu bai taɓa sanin uwarsa na rage masa tatsuniya ba. Mu da muka ji sauran muka watse gidajen aure, muka koma girki a risho, yara suka koma gaban talabijin. Littafin kuwa yana nan, ana ta sake buga shi.

Ban farga ba sai wata Lahadi da hantsi. Ina tsinke zogale, na ji 'yata Nana tana karanta wa ƙaninta Sadiku koren littafin, tana bin layi da yatsa. Ta kai ƙarshe ta rufe. Sadiku ya miƙe ya riƙe ƙugu, ya ce, "Kin ji ko? Gobe sai kin durƙusa za ni ba ki wuta." Nana ta ajiye littafin. Ni ta duba, ta ce, "Umma, ashe Ige banza ta yi?"

Na ɗaga kai, wallahi ban san na ɗaga ba, sai ga idona a kan ƙofar falo. Takalman babansu na nan a bakin ƙofa, ana jin rediyonsa. Ga rana ta ɗaga, ga rufin kwano, ko tsinken jinka babu a unguwar, ga kuma ɗa namiji a tsaye a gabana. Haushin Kaka Tumba ya taso mini sabo fil.

Na ture tiren zogale. Na ce, "Ku zauna, ku duka biyu. Da saura." Ban rage murya ba. Na faɗi inda tukunya take, na faɗi yadda zaure ya yi yoyo, na tsayar da mai gari a rana da kasko a hannu. Ina cikin kwaikwayon Ige na ji an kashe rediyo a falo. Nana ta yi dariya har ta kwanta a ƙasa. Sadiku ya daɗe yana tunani, sannan ya tambaya ko mai garin ya ce na gode.

Washegari na shiga kasuwar Kaura, na zaga ta ciki da bai, na dawo gida da ƙafata. Ban ɓace ba, Kaka.