Kwabban jabun da suka raba ni da maƙerar babana

Ni ɗan maƙeri ne a wani ƙauye kusa da Gidan Amumune. Hauya da lauje nake ƙerawa tare da babana, ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Wata ranar kasuwa wani tsohon mushen lakkol, wato malamin makaranta, daga Tasawa ya tsaya rumfarmu. Wai yana tara kwabban jan ƙarfe da maƙeran dā suka riƙa bugawa, suna kwaikwayon kuɗin nasara. Ku ji fa, jabu yake nema! Akwai ragowar na kakana cikin gwangwani, karkatattu, munana. Na sayar mashi a ɓoye, ya ce in ƙaro.

To ina zan samo? Sai na kama buga nawa, in turbuɗe su cikin garken awaki har su yi tsatsa kore. Da jan ƙarfe ya ƙare mani, na je da tsakar rana na yanke wayar injin famfon garinmu na narke. Mata suka koma rijiya mai nisa, har da uwata, ina kallo tana dawowa da tulu. Wallahi na ci gaba da buga kwabbaina.

Abin da ke ƙona mani rai har yau, gwanintata ce ta kashe ni. Na goge su, na daidaita baki sumul, wai in burge mutum. Mushe ya juya ɗaya ya ce kakannina ba su taɓa buga abu mai kyau haka ba. Bai kai ni ƙara ba, wurin baba ya kawo su. Baba ya jefa guda cikin wuta, ya duba, ya dube ni.

"Wannan waya ce. Ruwan gari ka narke?"

Shi da kanshi ya riƙo hannuna har wurin jandarma a Mayahi. Na yi zaman kaso, wawa da ni, kan abin da ko goro ba ya saye.

Da na fito na tuba, na bi gida gida ina roƙon gafara, aka yafe mani. Amma ranar da na miƙa hannu zan ɗauki masaba, baba ya ce in aje, ya riga ya ba ɗan ƙanensa maƙerar. Ni ɗansa na fari, yanzu gawayi nake kawo masu.

Samari, sana'ar da aka koya maku a gida amana ce. In baƙo ya nemi abin da ba ku da shi, ku ce babu. Kalmar da na kasa faɗi ke nan.